Ƙurar Ƙotar Bindiga

Unguwar Suwaidi, Riyad.
14 ga Satumba, 2014.

Zuwa ga Turai, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da Khalida da Kamil. Yaya jikin Baba? Yaya ƙafar Gwaggo Alheri? Ki gaishe min da ƙanena Lado da duk wanda ke maƙera, har da masu zuwa shan inuwa su hana mutane aiki. Ni lafiyata ƙalau, sai zafin garin nan da ya ƙi sauka.

Na zauna na rubuta ne saboda Baba. Ƙarar masaba ta shekara hamsin ta cinye masa kunne, waya ba ta yi masa amfanin komai, idon ma kin ce ya tafi. Ki matsa kusa da kunnensa na dama ki karanta masa a hankali.

Baba, albishirinka. Kafilina Abu Shakir, mutumin da iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar nan, take hannunsa, ya yarda in zo gida. Ranar Juma'a goma ga Oktoba, bayan Babbar Sallah, zan hau jirgi in Allah ya so. Abin da ya rage kawai ya fitar min da takardar fita da dawowa, wadda in babu ita baƙo ba ya barin ƙasar nan, kuma ya ce da zarar ya dawo daga Ɗa'ifa zai yi. Shekara uku da wata huɗu rabona da Wurno. Ka ci abinci, ka sha maganinka, ka jira ni.

Ka sha tambayata aikin da nake yi. Da farko walda da gyaran ƙofofi aka kawo ni yi. Ranar da na buɗe masa wani tsohon kwaɗo da ya gagari mutum biyu, ya tambayi sana'ar gidanmu, na ce mu maƙera ne, bindigar maharba muke ƙerawa tun kaka da kakanni. Sai ya saukar da ni wani ɗaki a ƙarƙashin gidan. Baba, bindiga arba'in da ɗaya! Dukkansu irin waɗanda gwamnatin Amurka ta riƙa raba wa sojojinta ne, ya jera su a bango bayan gilashi, daga tsohuwa zuwa sabuwa, kowace da takardarta ta hukuma. Babbar cikinsu ta girmi mahaifinka, ta baya ake buɗe ta kamar ƙyaure a sa mata harsashi ɗaya tak. Akwai mai ɗan akwati a gefe da ake zuba wa harsashi kamar ana zuba gyaɗa. Akwai kuma Garan, ta yaƙin duniya na biyu, mai cin takwas a lokaci guda. Wannan muguwa ce, ranar da na fara leƙa cikinta ta datse min babban yatsa, har yau farcen baƙi ne.

To ga abin haushin. Mutumin nan bai taɓa harba ko ɗaya ba. Tarawa kawai yake yi, ya zauna yana kallonsu. Ni kuwa, jikan maƙera, aikina in sa farar safar hannu kamar mai yi wa sarauniya hidima, in share su da busasshen tsumma, in duba wani agogo mai auna danshi. Shi ke nan. Wadda ya fi ji da ita ma ita ce ta fi kowace muni. Garan ce ta 1943, ƙotarta ta yi baƙi ƙirin da gumi da maiƙo, duk ta loɓa, wani soja ya sa wuƙa ya sassaƙa haruffa biyu a jiki, ya kuma yi mata 'yan tsage-tsage goma sha bakwai. Ita yake fara nuna wa baƙi, da hoton sojan yana rungume da ita. Wallahi duk ranar da ya ɗauko ta ni nake jin kunya, don baƙin sun san akwai maƙeri a gidan.

Baba, ban manta da gyaran Sallah ba. Duk shekara kana aika mu gidajen iyayen gidanka mu karɓo bindigoginsu ba tare da sun nema ba, ka kankare, ka goge, ka shafa mai, ka mayar musu kamar amare, ko sisi ba ka karɓa. Ka ce haka maƙeri yake gode wa wanda ya riƙe shi. Mutumin nan ya riƙe ni, ga shi ya ba ni hutu. Kwana goma zai yi a Ɗa'ifa, mabuɗi yana hannuna. Ya dai ce kada in sa musu komai ban da tsumma, amma wane ubangida ne ya taɓa buɗe baki ya ce a zo a gyara masa? Kara ce irin ta manya. Zai dawo ya ga aikin Wurno.

Turai, daga nan ke kaɗai, kada ki karanta masa. A cikin ƙunshin da mai kawo takardar nan zai ba ki akwai samfefa kala uku da kwalbar man katako mai kyau. Ki ba Lado. Bindigar Baba da ke rataye a ɗakinsa ta zama abin kunya, shi mai gyara na mutane tasa ƙotar duk datti da yanke-yanke. Lado ya kankare ta tas ya shafa mata man. Ina so ranar da na iso in ɗora masa ita a cinya sabuwa fil.

Ki kula min da kanki. Atamfar da kika ce tana cikin jaka, kada ki sake tuna min a waya kamar mai bin bashin gishiri.

Naki har kullum,
Arzika.

Suwaidi, Riyad.
28 ga Satumba, 2014.

Turai,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, yara suna lafiya, jikin Baba da sauƙi. Hoton takardar nan zan ɗauka in turo miki ta waya, don in na kira ki ihu zan yi, a gidan nan kuma bango ma kunne gare shi. Wannan ba ta Baba ba ce.

Ban taɓa ganin butulci irin na jiya ba. Kwana shida na yi a kan bindigar nan. Na raba ƙota da ƙarfe, na bi ta da samfefa mai kaushi, na bi da matsakaiciya, na bi da mai laushi. Wuraren da suka loɓa na ɗora jiƙaƙƙen tsumma na bi da dutsen guga har katakon ya taso. Mai sau biyar na shafa, da tafin hannuna, yadda Baba ya koya mana. Turai, da kin ga abin da ya fito daga ƙarƙashin dattin nan! Katako ja-ja-jur kamar zuma, kina iya ganin fuskarki a ciki. A duk rayuwata ban yi aikin da ya kai wannan ba.

Ya dawo jiya da la'asar. Na sa riga mai tsabta na bi shi ƙasa, na tsaya a bakin ƙofa ina ɓoye murmushi. Ya kunna fitila, ya duba bango, ya tsaya kamar an dasa shi. Sai ya ɗauko ta da hannu biyu, ya juya nan, ya juya can, yana shafa wurin da haruffan suke a da. Daga nan ya zauna daɓas a ƙasa. Ni ina tsammanin daɗi ne ya yi masa yawa.

Kin san abin da ya fara tambayata? Ina ƙurar take. Ƙurar da na kankare! Na nuna masa ledar shara a bayan ƙofa. Dattijo mai furfura, mai gidaje da motoci, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa ya zazzage shara a kan tayil, yana tattara garin katako da gefen takarda yana zubawa a ambulan. Na ce a raina lalle mutumin nan yana bukatar ruƙiyya. Da ya gama ya miƙe, ya karɓi mabuɗi daga hannuna, ya ce na share mutum daga duniya. Sannan ya kira ni jahili. Bai ɗaga murya ba, da ma zagina ya yi da ƙarfi da ya fi min sauƙi.

Jahili! Ni da na ƙera bututun bindiga ina ɗan shekara sha biyar. Shi da ko ƙusa bai taɓa miƙarwa ba. In aka ba shi guntun ƙarfe da gawayi aka ce ya fitar da allura, sai dai yunwa ta kashe shi a gindin zugazugi.

Issoufou direba, mutumin Maraɗin nan da nake ba ki labari, shi ya zauna ya warware min, don ya fi shekara goma sha biyar a gidan. Wai akwai wani ɗan hatimi a gefen hagu na ƙotar, wanda ni na ɗauka loɓawa ce na tayar da shi da dutsen guga. Wai hatimin jami'in da ya duba bindigar ne ranar da ta fito daga masana'anta, shi ke nuna ƙotar ta asali ce. Wai a wurin masu tara irin waɗannan bindigogi dattin nan shi ne darajar. Wai jikar sojan ce ta ba shi ita bayan ya yi mata alƙawarin ba za a taɓa ta ba, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan yana rubuce-rubuce zuwa Amurka yana neman sanin me tsaga goma sha bakwai ɗin take ƙirgawa. Na ce wa Issoufou to ni yaya zan yi? Soja ya zauna zaman banza ya ɓata kayan gwamnati da wuƙa, yanzu ɓarnar tasa ta zama abin tarihi, gyarana ya zama laifi. Duniya ta juya. A Wurno yaro ya yi wa bindigar ubansa haka sai ya sha bulala.

Maganar kuɗi bai yi ba, maganar takardar fita ma bai yi ba. Wannan ta biyun ce take ɗan taɓa ni, amma saura kwana goma sha biyu, zai huce. Kada ki gaya wa Baba komai.

Sannan Lado. Kin ce yana jan ƙafa, wai Baba ba ya son a taɓa masa bindiga. Shi ma ya koma Abu Shakir ke nan? Yau kowa ya zama mai gadin datti. Ki gaya masa ni ne yayansa, ba shawara na kawo masa ba. Baba yana kwance, ba gani yake yi ba. Ya zare ta lokacin da yake barcin rana, ya shiga da ita ɗakin gawayi inda ba mai shiga, ya yi abin da na ce. In a nan ba a san darajar aikin hannu ba, a gidanmu an sani.

Ki shafa min kan yara. Ki yi min addu'a Allah ya sanyaya min zuciya, don yanzu tafasa take yi.

Mijinki,
Arzika.

Suwaidi, Riyad.
13 ga Oktoba, 2014.

Turai tawa,

Assalamu alaikum. Barkanku da Sallah, ko da yake ta wuce, ni kuma ban san an yi ta ba. Yaya yara, yaya Gwaggo, yaya ƙarfin jikin Baba yau?

Juma'a ta zo ta wuce. Jakata tana ɗaure a bakin ƙofa tun ranar Laraba, atamfarki a ciki, hular Baba a sama. Jirgin ya tashi da kujerata babu kowa. Fasfona yana cikin aljihun teburinsa, takardar fita kuwa a wayarsa take, danna yatsa kawai zai yi. Ya ƙi. An cire ni daga ɗakin bindigogi, yanzu wankin tsakar gida nake yi da ba itatuwa ruwa. In ya fito zai shiga mota sai ya wuce ni kamar ya wuce tukunyar fure.

Na je unguwar Shumaisi wurin 'yan'uwanmu da ke haɗuwa cin tuwo bayan Juma'a. Kowa da tasa. Wani ya ce in kai ƙara ofishin ma'aikata, wani ya ce kafin a saurare ni an yi wata uku. Abu ɗaya suka haɗu a kai, kada in kuskura in bar gidan, don in ya rubuta cewa na gudu na shiga uku, sai dai a kama ni a tsare. Haƙuri, haƙuri, haƙuri. Wanda ubansa ke tsaye da ƙafafunsa ba ya rasa haƙurin da zai ba wani.

Ke ma kin bi sahunsu. Shekaranjiya a waya kin ce in je in durƙusa in ce na yi kuskure, garin neman gira kada in rasa ido. Issoufou ma ya ce kalma ɗaya mutumin yake jira. To ki sani na je. Na same shi a majalisinsa bayan magariba, na gaishe shi, na gaya masa mahaifina yana kwance, na ce in ransa ya ɓaci ya yi haƙuri. Sai ya tambaye ni ko yanzu na gane abin da na yi. Turai, me kike so in ce? Na ce na gane ransa ya ɓaci, amma aikin ba shi da aibi, a kai shi gaban kowane maƙeri a duniya. Sai ya ce halas, wato shi ke nan, ya nuna min ƙofa.

Na san za ki ce bakina ne ya ja min. Amma Baba ne ya ce maƙeri ba ya tsine wa aikin hannunsa don a ba shi tuwo. In na ce aikin nan ɓarna ne na yi ƙarya, kuma na ce duk gyaran Sallar da Baba ya yi shekara hamsin ɓarna ce. Ba zan faɗa ba. Wane irin mutum ne zai auna tsohon da ke numfashi da guntun katakon wani mataccen soja da bai taɓa gani ba, katakon ya rinjaya? Yana sallah a sahun farko. Allah yana kallonsa, ni kuma ban yafe ba.

Da kika kara wa Baba waya a kunne jiya, na yi ta ihu har masu aikin maƙwabta suka leƙo. Na ce Baba ni ne, Arzika ne, ina nan tafe. Ba abin da na ji sai numfashinsa, yana shiga da ƙyar yana fita da ƙyar. Na zauna a gindin dabino na yi kuka kamar yaron da aka yaye. Kin ce kunu ma cokali uku yake sha. Ki dama masa na gero da tsamiya, shi ya fi so. Ki gaya masa jirgi ne ya samu matsala, mako mai zuwa ina hanya.

Abu ɗaya ne ya faranta min rai a makon nan, hoton da Lado ya turo. Ka ga bindiga! Yaron nan ashe yana da hannu, ko tabo ɗaya bai bari ba. Ki ce masa na gode, ya naɗe ta a zane ya ɓoye har in zo. Aƙalla wani abu guda ya tafi yadda na tsara.

Ki riƙe min gida, ki riƙe min tsohona.

Naki,
Arzika.

Suwaidi, Riyad.
24 ga Oktoba, 2014.

Turai,

Assalamu alaikum. Yaya haƙuri? Yaya haƙurin Gwaggo da Lado da yara? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya haskaka kabarinsa. Allah ya saka miki da alheri, ke kika yi masa abin da ɗansa bai yi ba.

Ranar Talata da kika kira ban iya magana ba, ranar Laraba da kika ba ni sauran labarin na kashe waya a kunnenki. Ki yafe min. Zan rubuta abin da kika faɗa da hannuna, don in na bar shi a kunne kawai zan iya yi wa kaina ƙarya in ce ban ji daidai ba.

Kin ce ranar Litinin da hantsi ya farka da ɗan ƙarfi, ya ce a miƙo masa bindigarsa, yau mako biyu yana lalube a bango ba ya jin ta. Lado ya rasa yadda zai yi, ya je ya kwance zanen ya ɗora masa ita a ƙirji. Ya kama ƙotar, ya sa babban yatsansa yana bi a hankali daga sama zuwa ƙasa. Ya juya ta ya sake bi. Sannan ya ture ta, ya ce wannan ba tasa ba ce, a kawo masa tasa. Lado ya ce ita ce, gyara aka yi mata. Ya ce a'a, tasa tana da 'ya'yansa a jiki. Sau uku yana faɗa. Daga nan ya juya fuska bango, bai ƙara cewa komai ba har Allah ya karɓi abinsa da asubar Talata.

Kuma sai bayan an dawo daga maƙabarta Gwaggo Alheri ta buɗe baki. Tsaga tara ce a ƙotar. Duk ranar sunan ɗa, in ya harba bindiga a ƙofar gida, sai ya koma ɗaki ya sa wuƙa ya yi tsaga ɗaya. Mu tara Inna ta haifa, biyar suna ƙasa, ba su da hoto, ba wanda ya san inda kaburburansu suke yanzu, a jikin katakon nan kawai suka rage. Ta uku ni ne. Ta ce tun da na taho Saudiyya, kullum bayan sallar asuba sai ya sauko da ita ya ɗora yatsa a kan ta ukun ya yi addu'a, har wurin ya fi sauran zurfi.

Shekara arba'in da ɗaya ina ganin yanke-yanken nan, ban taɓa tambaya ba. Na ɗauka kaifin wuƙa yake gwadawa.

Ina jin haushin Gwaggo da ta riƙe magana shekara da shekaru kamar kuɗin adashi. Ina jin haushin Lado da ya san abin ba daidai ba ne ya bi umarnina don kawai na riga shi zuwa duniya. Ina jin haushin Baba kansa, Allah ya gafarta masa, mutumin da zai koya maka yadda ake narka ƙarfe amma ba zai gaya maka yana sonka ba sai dai ya gaya wa katako. Duk na bi su ɗaya bayan ɗaya na ji haushinsu, kuma duk wanda na kama sai ya zame ya bar ni da kaina. Ni na sayi samfefar a kasuwar Batha, na zaɓi mai kyau. Ni na ce a jira ya yi barci. Ban zo ba, sannan ɗan wurin da yake taɓa ni a ciki na aika an kankare. Tsohon nan ya lalubi ɗansa a ranarsa ta ƙarshe ya ji wayam. Kada Lado ya ɗora wa kansa, ki gaya masa in ji ni. Ya faɗa, ban ji ba.

Jiya na shiga wurin Abu Shakir ba tare da sallamar kirki ba. Ban je roƙo ba, don abin da zan roƙa ya riga ya wuce. Na tsaya a tsakiyar majalisinsa na ba shi labarin tsaga tara da Larabcina na kasuwa, inda ya gagare ni Issoufou ya ƙarasa. Na ce masa yanzu na san abin da na yi wa bindigarsa. Na ce ban san me goma sha bakwai ɗin sojan take ƙirgawa ba, amma ko mene ne, akwai wanda ya taɓa ɗora yatsa a kai, ni kuma na share. Na ce aikin da na yi ɓarna ce. Ban taɓa zaton bakina zai iya furta wannan ba, sai ga shi ya fito ba wuya.

Ya cire tabarau ya goge ido da gefen rawaninsa, ya yi min ta'aziyya, ya ɗauki waya ya danna. Kafin shayin da ke gabansa ya huce takardar fita ta fito. Turai, minti uku. Abin da ya hana ni ganin ubana minti uku ne. Wannan ba zan yafe masa ba, na kuma faɗa masa a fuskarsa, ya sunkuyar da kai ya ce yana da hakkina. Amma ni ma na san minti ukun nan suna hannuna tun ranar da ya tambaye ni ko na gane, na tsaya ina kare aikin hannuna. Mu biyu muka haɗu muka yi wa Baba wannan, shi da taurin kansa, ni da nawa. Shi aƙalla yana da hoton tasa ƙotar ta kowane gefe. Ni ko ɗaya ba ni da shi, hoton da ke wayata na bayan gyara ne, mai sheƙi.

Zan taso ranar Lahadi, in kwana a Kano, Litinin da yamma ina Wurno in Allah ya yarda. Kada a yi min girki, kada kowa ya zo ya tarye ni a tasha. Daga mota maƙabarta zan wuce.

Kafin in fito daga majalisin na roƙe shi ambulan guda, irin wadda na gan shi da ita a durƙushe ranar da na ce yana bukatar ruƙiyya. Ya buɗe aljihun tebur ya ba ni tare da fasfona, bai tambaye ni ta mece ce ba.

Don Allah, Turai, da kin gama karanta wannan ki tashi da kanki ki je ɗakin gawayi ki sa masa kwaɗo, ki riƙe mabuɗin a bakin zanenki. Kada a share, kada a ɗebi gawayi, kada a bar kaji su shiga. Ki tambayi Lado daidai inda ya zauna ya yi kankarar. Na san mako biyu sun wuce, na san ƙurar ƙotar ta gauraya da baƙin garin gawayi da ƙasa. A bar min ita haka, ni zan durƙusa in tsince.

Ki gaida kowa, ki yi mana addu'a.

Mijinki,
Arzika, na ukun Baba.